WASAN SHIGA DA HAƘƘIN MAƊINKI: DAGA TASHE ZUWA JARUMAN MATA NA LITTATTAFAN ZANE

1.0 Gabatarwa

A Unguwar Gano, kamar sauran unguwannin da ke kewayen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a birnin Kano, da wuya mutum ya wuce layi biyu bai ji ƙarar keken ɗinki ba, ko daga shago ko daga cikin gida. Mafi yawan abin da ake ɗinkawa tufafin yau da kullum ne, da na Salla, da ankon biki. Amma akwai wani nau'in ɗinki da manazarta ba su cika kula da shi ba, watau tufafin da mutum ke sawa don ya zama wani: yaro ya zama tsoho, yarinya ta zama sarauniya, ɗan wasa ya zama barde.

Wannan maƙala za ta duba irin waɗannan tufafi ta fuska uku. Da farko za mu ga yadda Bahaushe ya san wasan shiga tun asali. Sa'an nan mu leƙa ƙasashen waje, inda wasan ya bunƙasa a kan jaruman littattafan zane, musamman mata. Daga ƙarshe mu tsaya a kan wanda ya ɗinka tufafin. Abin da muke son tabbatarwa shi ne cewa a wasan shiga tufafi su ne rabin labari, saboda haka maɗinki abokin aikin mai labari ne, ya kuma cancanci a ambace shi, a biya shi, a saurare shi.

2.0 Ma'anar Shiga a Wurin Bahaushe

Kalmar "shiga" a nan ba ta nufin kutsa kai cikin ɗaki. Tana nufin yadda mutum ya sa tufafi har ya ɗauki wata kama. Akan ce wane ya yi shigar malamai, ko wance ta yi shigar Fulani. Akwai kuma shigar burtu, wadda maharbi kan yi: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jikinsa, ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsun, har ya kusanci namun daji ba su ankara ba. Daga nan ne maganar ta zama habaici ga mai yaudara.

Ke nan shiga iri biyu ce. Akwai ta ɓad da kama, wadda ake yi don kada a gane mutum. Akwai kuma ta wasa, wadda mai kallo ya san sarai wanda ke cikin tufafin, amma ya yarda na ɗan lokaci cewa wani ne daban. Wannan ta biyu ita muke kira wasan shiga.

2.1 Tashe

Babban misalin wasan shiga a ƙasar Hausa shi ne tashe, wanda bisa al'ada ake farawa idan azumin Ramalana ya kwana goma. Yaro kan manna auduga a haɓa, ya zura tsohuwar riga, ya riƙe sanda, sai ga Tsoho da Gemu. Wani ya rataya burgami cike da sauyoyi da ɓawon itace, sai ga Jatau Mai Magani. A ɓangaren 'yan mata akwai Mairama da Daudu, inda wata kan sa riga da hula ta fito a matsayin miji, wata kuma ta yi kwalliyar amarya. Manya ma ba a bar su a baya ba, don kuwa Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano, shi da jama'arsa suna da tasu shigar ta tashen gwauro. Ko da yake a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana tashe a Kano saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi, wasannin suna nan daram a zukatan waɗanda suka yi su.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin yaran su buɗe baki, mutanen gida sun riga sun gane wasan da za a yi. Auduga da sanda sun gama faɗin "tsoho". In aka cire tufafin, waƙa kawai ta rage. To, wa ya haɗa su? Galibi uwa ce, ko yaya, ko kaka: ita ta ba da tsohon zani, ta tsinke matashi ta ciro auduga, ta ɗan soka allura nan da can. Idan aka dawo da hatsi da 'yan kuɗi, 'yan wasa ne ke rabawa a tsakaninsu.

2.2 Hawan Salla

Misali na biyu shi ne 'yan lifidi da 'yan sulke da ake gani a duk shekarar da aka yi Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. A zamaninsa kayan yaƙi ne. Yau kuwa babu mai harba kibiya, saboda haka mahayin da ya sa su shigar kakanninsa ya yi. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya masu daraja. Duk da haka, mai kallo zai iya gaya maka sunan hakimin da ya fi kowa ado, amma da ƙyar zai iya faɗin gidan da aka ɗinka lifidin ko dukawan da suka yi kayan dokin.

3.0 Wasan Shiga a Ƙasashen Waje

A Amurka da Japan da Turai, matasa da manya kan taru a manyan ɗakunan taro, kowa ya yi shigar jarumin da yake so daga littafin zane ko fim. A farkon shekarun 1980 wani marubuci ɗan Japan, Nobuyuki Takahashi, ya raɗa wa abin suna "kosupure", ta hanyar haɗa kalmomin Ingilishi biyu masu ma'anar tufafi da wasa. A Nijeriya ma an fara irin wannan taro a Legas tun shekarar 2012.

Sai dai wasan ya girmi sunan nasa. A watan Yuli na 1939 aka yi babban taron masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya na farko a birnin New York. Mutum biyu suka zo da shigar mutanen zamani mai zuwa, wadda suka kwaikwayo daga wani fim na 1936. Ɗaya shi ne Forrest J Ackerman, ɗayar kuma Myrtle R. Douglas. Ita Douglas ita ta tsara tufafin duka biyu, ita ta ɗinka su. Amma shekara da shekaru sunan Ackerman ne ke fitowa a duk lokacin da aka zo ba da tarihin wasan. Ta rasu a 1964, sai can daga baya masu bincike suka dawo da sunanta gaba. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ashe tun ranar da aka haifi wannan wasa aka fara mantawa da mai allura.

4.0 Jaruman Mata da Tufafinsu

A littafin zane, tufafi ne ke gabatar da jarumi. Mai karatu kan gane shi daga nesa ta launi da tambari, kamar yadda akan gane dogari da jan rawani. Shi ya sa duk wata muhawara a kan jaruman mata takan koma kan abin da aka sa musu.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Wonder Woman, wadda William Moulton Marston ya ƙirƙira, H. G. Peter ya zana, ta fara fitowa a 1941. A 1975 aka fito da Storm, baƙar mace wadda a labarin mahaifiyarta 'yar Kenya ce. Tsawon lokaci maza ne mafi yawan masu zane, kuma sukan zana mata da tufafin da ba su rufe jiki ba, waɗanda ba za a iya ko gudu da su ba balle faɗa. Mata masu wasan shiga su suka fi kowa gane wannan aibi, domin su ne ke ƙoƙarin mayar da zanen takarda ya zama yadi a jikin mutum. Mai zane ba ruwansa da nauyi ko zafi ko inda za a sa zip. Maɗinki kuwa dole ya warware duk waɗannan.

Sannu a hankali abin ya sauya. A 2012 aka sabunta shigar jarumar da ake kira Captain Marvel, aka ba ta tufafin da suka rufe ta daga wuya zuwa ƙafa. A 2014 aka fara jerin littattafan Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Amurka, wadda G. Willow Wilson ta rubuta. An gina shigarta a kan doguwar riga da wando da gyale irin na matan Pakistan, a cikin labarin ma daga kayan ninƙaya masu rufe jiki aka haɗa ta. A Malesiya da Indonesiya kuwa, 'yan mata masu hijabi sun gano dabarar naɗa mayafi mai launi ya tsaya a madadin gashin jarumar da suke kwaikwayo. Wannan dabara ba daga marubuci ta fito ba, daga masu sarrafa yadi ta fito.

4.1 Sarauniya Amina

Mu ma muna da tamu jarumar. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Amina ta Zazzau a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuwa suna ganin a ƙarni na 16 ta rayu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri.

Abin da ya shafi nazarinmu shi ne, ba a gaji hoton Amina daga zamaninta ba. Duk kamannin da muka san ta da su yau, masu zane da masu ɗinki ne suka ƙaga. A 1975, shekarar mata ta duniya, gidan waya na Nijeriya ya buga kan sarki mai ɗauke da zanenta. A 2017 Roye Okupe ya fitar da littafin zane mai suna Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya ta daular Azzaz, wanda ya samo tushe daga tarihin Amina. A 2021 aka saki fim ɗin Amina wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya amsa tambayoyin da littattafan tarihi ba su amsa ba. Shin rawani ta naɗa ko kallabi ta ɗaura? Lifidi ta sa ko sulke? Da wando take hawa ko da zani? Duk wanda ya yanke wannan hukunci da almakashinsa, tarihi yake fassara wa jama'a, ko ya sani ko bai sani ba. Yaron da ya ga fim ba zai tuna shekarun mulki ba, amma zai tuna shigar.

5.0 Hannun da Ba a Gani

Kano gari ne da ya yi suna ta hanyar tufafi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Har yau sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa suna ba da shaida, haka nan marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa an kafa a 1498, da baƙin yadin Kura wanda Buzaye ke naɗawa.

A duba babbar riga guda ta saƙi. Manomi ya noma auduga, mata suka kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, marini ya rina, maɗinki ya haɗa, mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas, mai aiki ya zauna wata da watanni yana bi da allura, mabugi ya buga ta har ta yi sheƙi. Hannu takwas ke nan. Amma ranar da aka sa ta, sai a ce "rigar Alhaji". David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka jawo hankalin masana ga masu wannan aiki. A birnin Zariya kuma, tun shekarun 1990 wasu mata masu ɗinkin hannu suka haɗa ƙungiya suka sa mata sunan Sarauniya Amina. Matan da ke zaune cikin gida da allura sun ɗauki sunan mace mai takobi, kuma sun yi daidai.

Wannan ɗabi'a ta bi mu har cikin sana'ar fim. Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim ɗin Hausa suka yi yawa, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi ne. Kowa ya san sunayen jarumai da mawaƙa, amma sunan mai kula da sutura yana can ƙarshen fim, lokacin da 'yan kallo sun riga sun tashi. A waje ma an daɗe a haka. Sai a 2019 aka fara ba baƙar fata kyautar Oscar ta tsara tufafi, watau Ruth E. Carter, saboda aikinta a fim ɗin Black Panther, inda ta tufatar da mayaƙa mata da salon Masai da Ndebele, ta kuma aro shigar Buzaye ga wata ƙabila ta fatake. Ta sake samun kyautar a 2023.

5.1 Wani Abu da Ya Faru a Gidanmu

Ba zan ɗora laifin duka a kan wasu ba. Wata shekara makarantar su ƙanwata ta shirya ranar al'adu, aka zaɓe ta ta fito a matsayin Sarauniya Amina. Saura kwana huɗu muka tuna, ga shi kuma ana dab da Salla. Na ɗauki wani hoto na nufi gidan wata dattijuwar maɗinkiya da ke layinmu a Unguwar Gano, wadda muke kira Goggo. Ta dubi hoton ta ce, "Ɗan nan, wannan ai zane ne. In na yi shi yadda yake, yarinyar nan ba za ta iya ɗaga hannu ba." Na ce, "Goggo, a dai yi yadda aka zana." Ta yi murmushi ba ta ce kome ba.

Da muka je karɓa, sai muka ga ta bi nata tunanin. Ta shimfiɗa auduga tsakanin yadi biyu ta bi da layin ɗinki kusa da kusa, ya fito kamar lifidi, amma ta tsaga gefe ta sa maɗauri don iska ta shiga. Ta yi kwalkwali da kwali, ta lulluɓe shi da yadi mai ƙyalli, ta naɗa mayafi a kai yadda gashi ba zai fito ba. Ta ajiye ɗinkin Salla na mutane ta kwana biyu a kan wannan. Ƙanwata ta zo ta ɗaya. Aka kira sunanta, aka kira na malamarta, aka yi hotuna. Babu wanda ya ambaci Goggo, har ni da aka tambaya inda muka samo kayan, cewa na yi "a unguwarmu". Cikon kuɗinta kuwa sai bayan Salla da mako biyu na kai, bayan na tsaya ina neman ragi. Da ta karɓa, abin da ta tambaya kawai shi ne, "Zafi bai dame ta ba ko?" Wannan tambaya ita ce asalin wannan maƙala.

6.0 Haƙƙoƙin Maɗinki

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da haƙƙoƙi huɗu.

Na farko, lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tufafin shiga ba su da awon da aka saba, sai an gwada an sake. Yawancin abin da muke yi wa ba'a da sunan "alkawarin tela" daga wurinmu ya samo asali, mu da ke kai yadi a makare. Shi ma maɗinki in ya karɓi aiki ya cika, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyu, lada. A yi ciniki a fili tun farko, a ba da kafin alƙalami, a cika ranar karɓa. A kuma tuna ba yadi da zare kaɗai ake biya ba, har da tunanin da ya mayar da zane ya zama riga.

Na uku, shawara. Mai ɗinki ya san abin da yadi zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba. In ya ce wannan ba zai yiwu ba, a saurare shi.

Na huɗu, suna. Yaba kyauta tukuici. Makarantar da ta shirya ranar al'adu, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sashenmu, da mai shirya fim, duk suna iya ambaton maɗinki tare da 'yan wasa, ba tare da sun kashe ko kwabo ba. Wanda kuma ya ga salon wani ya kai wa nasa telan ya kwaikwaya, ya kamata aƙalla ya faɗi inda ya gani.

Akwai ƙarin haƙƙi guda ga wadda ta sa tufafin, wadda sau da yawa ita ce ta ɗinka abinta. A taron New York na 2014 sai da aka kafa alluna masu gargaɗin cewa shigar da mace ta yi ba izini ba ce na a taɓa ta ko a ɗauki hotonta ba da yardarta ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu. Yarinyar da ta fito tashe da rigar Daudu 'yar mutane ce, ba a ja mata hula, ba a bi ta da maganar banza.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa wasan shiga tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma abin da ya sami Myrtle Douglas a New York shi ke samun iyayenmu mata a lokacin tashe da maɗinkan unguwanninmu a yau. Mun kuma ga cewa kamannin jaruman mata, daga Wonder Woman har Sarauniya Amina, aikin masu zane ne da masu ɗinki.

Saura aiki ya rage ga ɗaliban Hausa. An rubuta kundaye masu yawa a kan waƙoƙin tashe da jigoginsu, amma tufafin tashe na nan suna jiran mai nazari. Haka nan sunayen kayan lifidi, da kalmomin da maɗinka ke amfani da su a bakin aiki. Duk ɗalibin da ya zaɓi wannan fage ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Ya fita layinsu ya bi ƙarar keke, ya yi sallama, ya kuma tabbata ya rubuta sunan wanda ya koya masa a shafin farko na kundinsa.